Inna Ta Goge Mini Kwanukan Bincike

Laraba da dare, Daura



Kwanukan robar da na zo da su daga Kano su ne duk bincikena. Da ƙyar masu masana'antar suka ba ni injinsu na yini guda, muka narka roba muka ɗura ta cikin ƙarfen zubi da na sa aka yi wa zane. Zanen ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, sai dai cikin kwanon ya yi dishi-dishi. Su ne ke hana fura mannewa, ruwa ma dunƙulewa yake ya gangare.

Na dawo daga kasuwa da la'asar, na tarar da su jere a tsakar gida suna sheƙi. Inna na gefe da toka da soson ƙarfe.

Na ce, "Inna, me kika yi musu?"

Ta ce, "Na ga duk sun dushe ne, 'yar nan. Ki kai wa malamanki kwano haka, a ce ba ki da uwa?"

Na ɗauki ɗaya na zuba ruwa. Ya kwanta abinsa, kamar a kowane kwanon kasuwa. Na biyu ma haka. Ran Litinin zan tsaya gaban malamai.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yatsunta, toka ta ci su har sun tsage. Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ta ce saura ɗaya, hannunta ne ya gaji, gobe da sassafe za ta goge shi.

Yana ƙarƙashin matashina yanzu.