Maike Ta Yi Wa Nooroa Aski

Teariki,

Na tafi filin jirgi ɗauko Mamanka. Ban tashe ka ba, na ga ka dawo daga aiki a gajiye. Kafin ka leƙa ɗakin ɗanka Nooroa, nemi wuri ka zauna.

Maike ta yi masa aski. E, 'yar Jamus ɗin nan da ka nace ta zo ta zauna da mu tana reno. Cingam ne ya maƙale masa a ka, ta ɗauki almakashi ta datse gashin kaf. Gashin da bisa al'adarmu ba a taɓa ba tun haihuwarsa, wanda ranar Asabar dangi za su taru a coci, Fasto ya yi addu'a, kowa ya yanki kaɗan!

Da na ƙwalla ihu, sai ta ce, "Ai kin ga yanzu zai sha iska." Wai ita taimakona ta yi.

Kada ka yi mata faɗa, tun ɗazu take kuka a ɗaki. Addu'ar cin abinci da barin wanki ranar Lahadi duk ni na koya mata. Zancen gashi kuwa cewa ka yi in bar maka, kai za ka yi mata bayani.

Na tattara gashin a kwano, yana kan firji. A mota zan yi gum da bakina. Tun daga tsibirin Rarotonga mahaifiyarka ta taho don wannan gashin. In mun iso, kai za ka buɗe ƙofa ka miƙa mata kwanon.

Moeroa