Abin da Yaya Hussaini Yake Faɗa Min

Kawu Lauwali,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya gyaɗar bana a Roni? Ni lafiya lau nake a Ibadan. Ɗakin dai yana yoyo, amma littattafai ne kawai suka jiƙe.

Kawu, da gaske ne kana cewa a gaban jama'a wai na fitsare, don na ƙi gaya maka abin da Yaya Hussaini yake faɗa min a waya?

Ni da na koyi karatu da jaridar naɗe tsire, ba neman kwali ya kawo ni ba. Aikin da nake koyo shi ne in zauna da mai ciwon damuwa, in kame bakina in saurara. Kai ma ka san bakina, ba ƙaramin horo ba ne. Darasin farko kuwa, abin da aka ba ka amana, ko mahaifiyarka ba ta ji.

Wata takwas Yaya bai ce uffan ba tun da shanunsa suka mutu. Kun yi wa'azi, kun kira shi rago. Yanzu ya fara magana, da ni kaɗai. Ranar da maganarsa ta zaga kasuwa zai sake rufe baki, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya.

Don Allah a riƙa kai masa wayarsa caji. Allah ya ƙara girma.

Amma a gaban jama'a nake so ka amsa, bayan sallar Juma'a: yaushe rabon da ka zauna kusa da shi ka yi shiru?

Ɗanka,
Musaddiƙ