Feshin Barkono da Hannun Kofur Sale

Zuwa ga babban jami'in da ke kula da rabon kayan aikin 'yan sanda a jiharmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya kuma haƙuri da wannan zamani?

Sunana Rabi'atu. Haifaffiyar Karare ce ni, aure ya kawo ni Batsari, inda nake koyarwa a wata makarantar firamare. Maigidana, Kofur Sale, ya daɗe cikin kaki, kuma mafi yawan aikinsa tsakanin Batsari da Safana ya yi shi. Kwanakin baya na ji a rediyo za a fara ba 'yan sanda feshin barkono cikin kayan kare kai. Ba barkonon tsohuwa da ake harba wa taro ba. Wannan ɗan gwangwani ne da ake saƙalawa a ɗamara, a fesa wa mutum ɗaya a fuska, idonsa ya rufe na ɗan lokaci, a kama shi ba a zubar da jini ba. Masu kiran waya a shirin sai dariya suke yi, wani har yana cewa ana fama da masu bindiga za a raba yaji kamar a teburin mai tsire. Ni ban yi dariya ba. Ina goyon bayan wannan tsari, kuma zan gaya maka dalili kafin in kawo kukana.

A daminar bara, lokacin da tsadar hatsi ta kai magidanci ya shiga kasuwa ya fito da leda maimakon buhu, an tura maigidana gadin wata kasuwar ƙauye a yankin Safana. Shi da wani sabon kurtu ne mai suna Bulus. Bindiga ɗaya ce a tsakaninsu, ko kulki babu.

Akwai wani manomi mutumin Zakka, Malam Ɗanjuma. 'Yan bindiga sun same shi a gona, suka kore shanun huɗarsa, suka harbe babban ɗansa a gabansa. Tun daga ranar kansa ya taɓu. Mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Iya Hassu, ita ke tsaronsa a gida. Ran nan ya faki idonta ya fice da lauje a hannu, ya biyo 'yan kasuwa. A layin masu hatsi ya ga wani mai babur da ya naɗe fuska da rawani, sai ya ɗauka ɗaya ne daga cikin waɗanda suka kashe masa ɗa. Ya yi kansa yana kiran sunan yaron. Mai babur ya yar da babur ya gudu, jama'a suka watse, amma mata masu awo suka maƙale tsakanin buhuna da bango, ba hanyar fita sai ta gabansa. Shi kuma sai saran iska yake yi, bai san wa ke gabansa ba.

Sai wani ya yi ihu cewa mai laujen nan ɗan bindiga ne. Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan kalma take nufi a ƙasarmu yau. Nan take matasa suka fara tsintar duwatsu da itace.

Maigidana ya gane shi, don shi ya je Zakka ranar da aka ɗauko gawar yaron. Abu biyu ne a gabansa: ya harbe mara lafiya, ko ya shige shi da hannu. Ya miƙa wa Bulus bindigar, ya ce ya tsare matasan nan, kuma kada bakinta ya bar kallon ƙasa. Ya ɗauki buhu wofi don ya rufa masa a kai, ya nufe shi yana kiran sunansa a hankali, yana tambayarsa ya jikin Iya. Mutumin ya tsaya kamar ya gane muryar. Sale na matsawa, sai ya kawo sara. Laujen ya kama tafin hannunsa na dama ya ratsa. Duk da haka bai sake shi ba, ya rungume shi suka faɗi tare, sannan dattawan kasuwa suka zo suka riƙe shi. Ba a taɓa ko mace ɗaya ba, kuma ba wanda ya jefi Malam Ɗanjuma.

Ina aji aka zo aka kira ni. A bayan wata motar hatsi da ta kawo shi Batsari na same shi, an ɗaure hannun da mayafin ɗaya daga cikin matan nan, jini ya jiƙe shi sharkaf. Muka wuce Katsina. An ɗinke, ciwo ya warke, amma jijiyoyi sun yanke, yatsunsa uku ba sa lanƙwashewa. Yanzu an mayar da shi kanta, wato teburin karɓar ƙara a ofis, yana koyon rubutu da hagu kamar ɗan aji ɗaya. Ba ya iya ɗunƙula lomar tuwo, sai da cokali. In an miƙo masa hannu a masallaci, tsintsiyar hannu yake bayarwa. Mutumin da ke nome gonarsa ta Karare shi kaɗai, bana ƙannena ne suka yi masa huɗa.

Bayan girbi Iya Hassu ta zo gidanmu da ɗanta, lokacin an riga an kai shi asibiti ya samu sauƙi. Bai tuna komai na ranar ba, gaya masa aka yi. Ya zauna a zaure ya kasa ɗaga kai. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar gyaɗa, ta kama hannun Sale ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, sun ɗauke mini jika, kai ka bar mini uban." Ba na nadamar abin da mijina ya yi, shi ma bai taɓa cewa da ya sani ba.

Amma maganar da ta hana ni sukuni ta Bulus ce. Ya zo dubiya, na rako shi ƙofar gida, sai ya ce mini, "Anti, gaskiya da ni kaɗai ne a wurin, harbi zan yi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Kuma yanzu da na ga hannun oga, ba zan ƙara matsawa kusa da mai makami ba." Ban ga laifinsa ba. Yaro ne mai hankali, yana da uwa, yana son ya koma mata da hannuwansa biyu. Irinsa sun fi irin Sale yawa, kuma masu taɓin kai irin Malam Ɗanjuma ƙaruwa suke yi a ƙauyukanmu, don abin da idanun mutane suka gani ya fi ƙarfin zuciya. Tsakanin harsashi da hannu wofi dole a samu wani abu. Da ɗan gwangwanin nan na ɗamarar mijina a ranar, daga nesa zai fesa, laujen ya faɗi, a wanke wa bawan Allah ido da ruwa, kowa ya koma gida lafiya.

To ga kukana, ranka ya daɗe.

Na farko, rabon ya iso ƙauye. Na daɗe a gidan ɗan sanda, na san yadda ake yi. Mukan ji a rediyo an kawo rigunan ruwa da takalma, sai mu gan su a jikin masu tsaron ƙofar manya a birni, namu kuwa su shiga damina da takalmin da mai gyara ya gaji da ɗinkewa. Wanda ke bin bayan mai muƙami a mota ba shi ke raba faɗan tasha ba. Ba shi ake kira in shanu sun shiga gona manomi da makiyayi sun zaro adda ba, ba shi ke tarar matashin da ƙwaya ta juya wa kai ba. Ina roƙon a fara da ƙananan ofisoshi irin na Batsari da Safana, a damƙa wa kurtu da kofur hannu da hannu, kada a kulle a sito sai ya lalace.

Na biyu, a haɗa shi da horo da hukunci. Matar ɗan sanda ce ni, amma ba makauniya ba ce. Ina hawa acaɓa zuwa makaranta, kuma a gabana wani mai kaki ya taɓa marin ɗan acaɓa a shinge don kawai ya mayar masa da magana. In irin wannan ya samu barkono a ɗamara, talaka ya shiga uku, kuma abin da aka kawo don ceton rai zai zama sabon abin ƙi. A koya musu lokacin fesawa da lokacin haƙuri. A gaya musu ba a yi wa tsoho, ko mai ciki, ko mutumin da an riga an kama. A koya musu taimakon wanda aka fesa wa. Duk wanda ya yi amfani da shi ya zo ya yi bayani gaban na sama da shi, wanda ya yi zalunci kuma a hukunta shi a fili, jama'a su gani.

Na uku, kada a raba wannan a ce an gama. Masu dariya a rediyo suna da gaskiya ta fuska ɗaya: barkono ba ya tare wanda ya fito daga daji da bindiga. Wannan aikin rigar sulke ne, da mota mai lafiya, da man da za a zuba mata. Kowane ciwo da maganinsa. Mu dai a ba mazajenmu duka biyun.

Na huɗu, hannun Kofur Sale. Likita ya ce akwai aikin da za a iya yi a haɗa jijiyoyin, amma in aka daɗe ba zai yi amfani ba. Mun kai takardu inda aka ce mu kai. Na je na koma har masu gadi sun san ni, amsar dai ɗaya ce, ana dubawa. Tumakina sun ƙare a jinyar farko, ba ni da abin yin ta biyu. Ba sadaka nake nema ba. A bakin aiki ya ji wannan ciwo, cikin kaki, yana kare mutanen da aka tura shi ya kare. Kuma ka sani ƙananan ma'aikata suna kallo. Yadda aka yi da shi, shi zai gaya musu ko ƙin sakin harsashi abin yabo ne ko wauta.

Maigidana bai san na rubuta wannan ba. Da ya sani da ya hana ni, don shi mutum ne mai bin doka, kuma aikinsu bai yarda ƙarami ya ɗaga murya ba. Ni ba kaki a jikina. Saboda haka kada a kira shi a tuhume shi, kada a jefa shi wani lungu don huce haushi. In akwai laifi a wannan takarda nawa ne, kuma a shirye nake in zo ofishinka in maimaita kowace kalma a gabanka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya tsare ka da iyalinka. Allah ya kare duk wanda ya fita aiki ya bar iyali suna jiran dawowarsa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu da kasuwanninmu.

Ina jiran amsa, kuma ina da yaƙinin za ta zo.

Wassalam.

Rabi'atu, matar Kofur Sale,
Batsari.