Faifai na Shida

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da aikin laburare. Kada ki ce me ya hana ni kira. Shekara talatin ina zaune gefen injin majigi, ƙararsa ta cinye mini kunne, a waya sai dai in yi ta "iye? iye?"

Jikin Innarki sai a hankali. Idon ya tafi gaba ɗaya, likita kuma ya daina canza magani, kin san abin da hakan ke nufi. Kwanan nan ba ta da zance sai wani fim ɗin kaboyi da na haska shekarar da muka haɗu. Wai har yanzu tana ganin filin nan mai jajayen duwatsu, ba gida ba bishiya, mutum ɗaya bisa sirdi yana ta tahowa kamar ba zai iso ba. An ce daga littafi aka ɗauko labarin. Sunan na bayan takardar nan. Ki nemo mini, ki haɗo da waɗanda kika ga sun dace, in riƙa karanta mata ina fassarawa.

Naki,
Kawu

Kawu, ranka ya daɗe,

Na ga saƙo, Allah ya ba Inna sauƙi. Ga littattafai uku. Mai koren bango labarin masu kora shanu ne, tafiyar wata uku, ku fara da shi. Na biyu wata mata ce ita kaɗai a gona, tana jiran ruwan sama da wasiƙa. Na ukun shi ne naku.

Amma ka shirya, Kawu, ba irin kaboyinka ba ne. A fim harsashin akta ba ya ƙarewa, hularsa ba ta faɗuwa. A littafi ciwon haƙori ke damunsa, yana tsoro, sai an ci shafi biyu kafin ya zaro bindiga. Filin da fim ke tsallakewa da kiɗa, a nan sai ka taka shi da ƙafarka, har ƙishi na ji ina zaune ƙarƙashin fanka.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Tun ina ƙarama Inna ke ba ni labarin nan, kullum mutumin gida yake komawa. A littafi kuwa ya leƙa gida ne, a babin ƙarshe ya tafi, bai waiwayo ba. Masu fim ne suka canza?

'Yarka

Uwata,

Na gode, sun iso. Ba masu fim ba ne, Kawunki ne.

Fim ɗin faifai shida ne, kowanne cikin gwangwaninsa. Ranar farko Innarki na layi na uku, ni kuma ina leƙenta ta 'yar tagar ɗakin majigi. Hasken na wucewa ta saman kanta kamar hayaƙi. Hankalina na can, na ɗora na shida kafin na biyar. Sai akta ya bar gari, can kuma ga shi ya dawo, matar ta fito bakin ƙofa, fim ya ƙare. Jama'a suka ɗauki tafi. A bakin ƙofar fita na ji ta ce wa yayarta, "Yau dai na ga kaboyi mai hankali." Mako uku ina haska shi a haka, da gangan.

Shekara arba'in da ɗaya ban faɗa mata ba. Mun gama biyun farko, kullum da hantsi nake jawo kujera bakin gado. Yanzu saura babi biyu a namu, kuma ina jin tsoro. Ba na son abin da za ta ji na ƙarshe daga bakina ya zama mutum ya tafi ya bar matarsa. In sake juyawa?

Kawu

Kawu,

Sannu da jinya. Na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa. Kai ka san Inna, ni labari kawai na sani. Ka gaishe ta, ina nan tafe ƙarshen wata.

'Yarka

Uwata,

Gaisuwa. Na juya. Ban yi layi biyar ba ta lalubo hannuna.

"Malam, karanta yadda yake," ta ce. "Dokin da aka harbe a gabanmu, shi ya dawo da shi gida, har da haniniya. Ka ɗauka duk silimar makafi ne?"

Ni da ban taɓa lura da dokin ba! Na ce to me ya hana ta magana?

"Na ga mutumin da zai tada mataccen doki don a koma gida. Na ce wannan ba zai tafi ya bar ni ba."

Na karanta yadda yake. Akta ya tafi. Sai ta ce, "Bar shi ya je. Wannan karon matar ce za ta riga fita, kuma ba ka da faifan juyawa."

Kada ki jira ƙarshen wata. Ki taho da wani littafin, gajere.

Kawu