Layin Maganin Inna

Hamma Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Adda Rabi da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Gwallameji lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinka, 'yarka Hauwa ta samu gurbin ƙaro karatu a waje, kan lissafin yadda magani ke yawo a jikin mutum. Amincewarka kaɗai take jira.

Da azumin nan Inna ta riƙa haɗe magungunanta duka da sahur, kullum da yamma sai jiri. Hauwa ta zaunar da ita gaban kwamfuta, ta zana mata layin ƙarfin magani a jikinta, yana hawa bayan sahur, yana gangarowa sannu a hankali zuwa la'asar. Ta ce, "Inna, nan maganinki yake ƙarewa." Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ja'ira! Ashe da la'asar yake min sallama." Suka koma wurin likita, ya raba mata su tsakanin sahur da buɗa-baki.

Tun ranar nake hango Hauwa ta dawo, ɗaliban da nake koyarwa kewaye da ita, tana zana irin layin nan don mutanenmu.

Hamma, ka bar ta ta tafi. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da kowa. Amma kada ka daɗe kana tunani, Inna har ta fara daka mata yajin tafiya.

Ƙanwarka,
Asma'u