Mijin yayar matata ya gano ciwon motata, ni kuma na ƙi gyarawa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ko ga abokaina ina jin kunyar faɗinsa.

Ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da ɗaya, mai kula da sito a wani kantin magani. Ɗabi'ata ce rubuta komai a ɗan littafi, tun ina sakandare. Sati biyar da suka wuce motata ta fara ja dama. Da na sassauta riƙon sitiyari sai ta nufi bakin titi. Na bi abin daki-daki. Na auna iskar tayoyin a wurin masu faci biyu, don ban yarda da ma'aunin na farko ba. Na gwada ta a tituna uku ko gangaren hanya ne ke ruɗa ni. Na sa aka musanya tayoyin gaba, ta ci gaba da ja dama. Daga nan na rubuta cewa saitin ƙafa ne ya goce, har na ja layi biyu a ƙarƙashi, na kuma faɗa wa matata da ƙarfin gwiwa. Aka yi saitin. Ba abin da ya canza.

Sai ga mijin yayarta ya kawo mana ziyara. Direban babbar mota ne, mai yawan dariya, irin mutanen da yara ke rugawa su tara a ƙofa. Matata ta ba shi labarin motar a gabana, ta miƙa masa makulli ba tare da ta dube ni ba. Ya zaga unguwa na minti goma, ya dawo ya kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa don ya ji zafinta, ya ce birkin gaba na dama ne ke kamawa, ba ya sakin tayar. Shi ke nan, ya koma falo ya ci gaba da shan shayinsa. Anti, da kin ga yadda fuskarta ta yi haske. Sau uku a satin nan na ji tana faɗa a waya cewa mijin Yaya hannu kawai ya ɗora ya gane. Ni da na yi wata guda ina durƙuso a gindin taya ban taɓa jin ta ambace ni ba.

Na ce mata ban gamsu ba. Washegari na tsaya a bayan wurin aikinmu inda ba mai ganina, na taɓa ƙafar dama. Har yanzu akwai tabon ƙuna a yatsana. Ta hagu kuwa ɗumi kawai. Yau kwana tara ke nan na san gaskiyarsa ce, ban kai motar gyara ba, ita kaɗai ce maganar da na kasa rubutawa a littafina. Kuma Talata da Alhamis matata ce ke kai yaranmu biyu makaranta a cikinta. Ina tunanin in kai motar wani gareji mai nisa, in dawo in ce wata matsala ce daban. Ban san ko ni mugun mutum ne ba, ko kuwa matata tana da laifi ita ma. Mutumin bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, wannan ma ya fi ba ni haushi.

Mai Sito

Wa'alaikumus salam Mai Sito.

Mu fara da motar, don ita ce ba za ta jira ba. Birkin da ke kamawa yana ɗaukar zafi, kuma birki mai zafi yana iya ƙin tsayar da mota a lokacin da aka fi bukatarsa. Kada matarka ta sake ɗaukar yara a cikinta sai an gyara. Ka kai ta gareji mafi kusa a hankali, ka ce a buɗe birkin gaba, duka ɓangarorin biyu, a duba har da robar da man birki ke bi. Gobe, ba jibi ba.

Kai ba mugu ba ne, kishi ne ya kama ka, kuma na fahimci inda ya fito. Ka sha wahala ba wanda ya yaba, wani ya zo da minti goma ya kwashe yabon. Ita ma da ta tambaye ka kafin ta miƙa makullin da ya fi kyau, kana da damar faɗa mata haka cikin natsuwa. Amma ka yi mata adalci. Mace ce da ke kokawa da sitiyari da yara a baya, sai wani ya faɗa mata dalili. Hasken da ka gani a fuskarta na samun sauƙi ne. Shi kuma shekarunsa nawa yana kwana yana tashi da ƙafafun mota? Da za a ba shi sitonka ya tsara magunguna bisa ranar lalacewarsu, kai zai nema. Ka kuma lura cewa binciken da ka yi daidai yake, mataki ɗaya ne ya rage maka.

Maganar gareji mai nisa ka bar ta. Makanike zai ba ka tsohon ƙarfen da ya cire, wata rana kuma mijin yayarta zai leƙa ƙarƙashin motar ya ga sabo. Ranar nan za ka rasa abin da ya fi yabo daraja a wurin matarka. Ka faɗa mata da bakinka kafin ta gano. Ka ce mata ka gwada da kanka ka ga gaskiyarsa ce, ka kuma faɗa mata tun yaushe ka sani. Za ta yi fushi, kuma tana da hakki, sai ka yi haƙuri ka saurara. Bayan haka ka kira shi da kanka ka yi masa godiya.

Allah ya tsare maka iyalinka a hanya, ya sanyaya maka zuciya.