Tukunya ta Bakwai

Kitwe

Lombe, Maci-biri,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan biran Luwingu ba su ƙare ba tun da ka koma ƙauye.

Ƙarshen wata za a yanka tsoffin tukwanen kumfa na masana'antarmu a sayar wa 'yan gwangwan. An kafa sabuwa guda, girman coci. Aikin dai shi ne: niƙaƙƙen dutse, ruwa, magani, a hura iska, kumfa ta taso da jan ƙarfe. Sai dai yanzu kyamara ke kallon kumfar, kuma ba ta gyangyaɗi kamar wani Babembe da na sani.

Ka tuna yadda kowa ya raɗa wa tukunyarsa sunan matarsa? Ta bakwai har yau tana ɗauke da rubutunka da jan fenti: Bana Mwila, wato Maman Mwila. Ka ce ita ma da an ƙara mata iska sai ta yi ambaliya. Ka zo ku yi sallama.

Naka,
Mabvuto Jere

Luwingu

Mabvuto, Maci-ɓera,

Na gode da gaisuwa. Ba zan zo ba. Na binne ta sau ɗaya, ya isa.

Kuma tunda ka tono, bari ka ji. Kai Bangone ne, ni Babembe, a al'adar ƙabilunmu kai abokin wasana ne. Ranar jana'izarta aikinka shi ne ka shafe ni da garin masara, ka zage ni har in yi dariya. Sai na hango ka bayan mangwaro, gari a hannu, kana kuka ka fi ni. Kowa ya samu mai tsokanarsa ban da ni. Haka na dawo gida da baƙar rigata tsaf.

Ka huta lafiya,
Lombe Chisala

Kitwe

Lombe,

Sannu. Shekara nawa matar nan tana aiko mana tuwo da busasshen kifi bakin tukwane, kuma rabona ya fi naka? Wa zai tsokane ni, ni?

Jiya na roƙi mai aikin yankan ya bar ta bakwai sai ƙarshe. Ya ce, "Baba, budurwarka ce?" Na ce matar wani ce, amma mijin rago ne.

Ina jira,
Mabvuto

Luwingu

Maci-ɓera,

Ka tare ni a tasha ran Alhamis. Zan sa baƙar rigar.

Ka zo da gari.

Lombe